Sunan Naka Ne, Lambar ta Wani: Yadda DNS na Baya Yake Aiki

A ce wata ƙungiyar manoman kashu ce a Pelebina, ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Jugu a jihar Donga ta Jamhuriyar Benin, ofishinta kuma yana cikin garin Jugu, wanda ake rubutawa Djougou a taswira. Sun gaji da aika wa masu saye takardar farashi daga akwatin imel na kyauta, sai suka yi rajistar suna nasu na kansu a ƙarƙashin .bj, suka kira wani ɗansu da ya karanta kwamfuta a Jami'ar Paraku ya kafa musu saba, wato kwamfutar nan da ba a kashewa, wadda ke riƙe shafin intanet da wasiƙu. Yaron ya san aikinsa. Shafi yana buɗewa, wasiƙun waje suna shigowa lafiya lau. Amma waɗanda suke aikawa, wasu su dawo ɗauke da lambar ƙi 5.7.25, wasu su faɗa kwandon sharar mai karɓa, ba wanda ya gan su.

"Kai yaro, ba mun biya kuɗin sunan nan na shekara guda ba?"

"Mun biya, Baba Alhaji. Sunan namu ne. Lambar ce ba tamu ba."

Amsar yaron daidai take, kuma duk wanda ya fahimce ta ya fahimci rabin wannan aiki. Sauran rabin rubutu ne na layi biyar ko shida.

Kwamfutoci ba sa kiran juna da suna. Kowace na'ura da ke magana a intanet tana da lamba, wadda ake kira lambar IP, kamar 203.0.113.25. Wannan da zan yi ta maimaitawa tana cikin lambobin da aka keɓe don koyarwa, ba ta kowa ba ce, haka ma sunan misali.bj ƙirƙira shi na yi. A farkon intanet fayil guda ne ke ɗauke da sunayen dukan kwamfutoci da lambobinsu, kowa ya kwafa ya ajiye. Da suka yi yawa sai abin ya gagara, a 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, aka sake gyara ƙa'idojinsa a 1987, kuma a kansu ake har yau. Aikin DNS da kowa ya sani shi ne ka ba shi suna ya ba ka lamba. Ka ce wasiku.misali.bj, ya ce 203.0.113.25. Wannan ita ce tambayar gaba, layin da ke amsa ta kuwa ana ce masa A. Mai suna ne yake rubuta shi, kuma ba ya neman iznin kowa.

Akwai kuma tambayar baya: ga lamba, wane ne mai ita? Mai buɗe shafi a waya bai damu da ita ba. Masu damuwa da ita su ne sabobin karɓar wasiƙa. Lokacin da sabar Jugu ta ƙwanƙwasa ƙofar Gmail, abin da Gmail yake gani da idonsa lamba ce kawai. Sunan da sabar za ta gabatar da kanta da shi, da wanda ke rubuce a kan wasiƙar, duk faɗarta ce, kuma kowa yana iya faɗin abin da ya ga dama. Shi ya sa mai karɓa yake juyawa ya tambayi DNS sunan da aka rataya wa wannan lamba. Layin da ke amsawa shi ake kira PTR. In ya samu suna, sai ya sake ɗaukar sunan ya yi tambayar gaba da shi, ya ga ko zai dawo da shi kan lambar da ya fara da ita. In sun haɗu, an wuce matakin farko. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsaurara sharuɗɗansu ga masu aiko musu da wasiƙa, kuma dacewar gaba da baya tana ciki. Dalili a fili yake: ɗimbin wasiƙun banza daga kwamfutocin gida suke fitowa, waɗanda cuta ta kama masu su ba su sani ba, irin waɗannan kuwa ko dai ba su da sunan baya, ko suna da wani na jeka-na-yi-ka da inji ya ƙaga musu daga lambar.

Mutanen Jugu ba baƙin wannan dabara ba ne. Garin zango ne a kan hanyar goro da ta tashi daga Kano ta bi ta Nikki ta nufi Gwanja. Bafataken da ya sauka yana iya cewa shi wane ne ɗan wane, amma mai kaya ba ya sakar masa bashi a kan faɗarsa, sai ya je wurin fatoman da ya sauke shi ya ji ta bakinsa. Shaidar tana da daraja ne don ba daga bakin baƙon ta fito ba. Haka PTR yake: mai lambar ne yake ba da shi, ba mai sunan ba.

Yadda aka gina abin yana da ɗan ban sha'awa. DNS suna kaɗai ya iya nema, don haka sai aka mai da lambar ita ma suna. Amma suna da lamba ba alƙibla ɗaya suke bi ba. A suna, babba yana dama: bj ya fi misali girma, misali ya fi wasiku. A lamba, babba yana hagu: 203 ne babban kaso, 25 kuma na'ura guda. Don su tafi tare sai aka juya lambar, aka maƙala mata wutsiya. Ta haka 203.0.113.25 take komawa

25.113.0.203.in-addr.arpa

Yanzu ana iya karanta ta daga dama kamar kowane suna, kuma kowane ɗigo wuri ne da wani zai iya danƙa wa wani iko. Mai riƙe da 203 ya miƙa 0.203 ga wani, shi kuma ya miƙa 113.0.203 ga na ƙasa da shi. Kowane ɓangare da aka danƙa wa mutum ya riƙa amsawa a kansa shi ake kira yanki.

To su wa ke riƙe da waɗannan rassa? A can sama akwai IANA, wadda ke raba manyan kason lambobi ga hukumomin rajista biyar na duniya. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Mauritius, wadda ta samu cikakkiyar amincewar ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunaye da lambobin intanet, a Afrilun 2005. Benin tana da hannu a haihuwarta, don taron da aka yi a Kwatano a 1998 yana cikin matakan farko na kafa ta, kuma ɗan ƙasar, Pierre Dandjinou, yana cikin waɗanda suka daɗe suna wannan fafutuka. Lambobin da suka fara da 41, 102, 105 da 197 daga kason AFRINIC suke, kowane kaso lamba 16,777,216. Saboda haka duk tambayar baya a kan lambar da ta fara da 41, daga ko'ina a duniya aka yi ta, sai ta bi ta yankin da AFRINIC ke kula da shi, sannan a nuna mata kamfanin da aka ba wannan ɓangare, ko MTN ne, ko Moov Africa, ko SBIN mai Celtiis, ko wani daban. Shi ya sa lokacin da rigimar shari'a ta kai kotun Mauritius ta naɗa wa AFRINIC mai riƙon ƙwarya a Satumban 2023, masu kula da sabobi a nahiyar nan suka kasa kunne. Ba rabon lambobi kaɗai ke hannun hukumar ba, har da wannan sarƙa.

Ka lura, a duk sarƙar nan ba inda aka ambaci wanda ya sayar maka da sunan .bj. Ba ruwansa. Rassa biyu ne daban, a tushe kawai suka haɗu. A nan gizo yake saƙa ga yawancin masu koyo. Mutum ya buɗe BIND, manhajar da ke amsa tambayoyin DNS, a sabarsa, ya rubuta yankin baya tsaf, ya gwada daga cikin ofis, amsa ta fito daidai, ya tashi yana murna. Alhali sabarsa ce ta tambayi kanta ta ba kanta amsa. Duniya ba ta san da wannan fayil ba, don babu wanda ya nuno ta wurinsa daga sama. Wasu kuma su shiga shafin da suke sarrafa sunansu su ƙara layin PTR a gefen layin A, shafin ya karɓa bai ce uffan ba. Layin yana nan zaune, amma ba mai zuwa nemansa a can har abada.

Don haka aikin ba da rubutu yake farawa ba, da tambaya yake farawa: lambar nan ta wace ce? Umarnin whois tare da lambar zai nuna maka kamfanin da aka yi wa rajistarta da girman kason da take ciki. Abin da ka gani shi zai gaya maka hanyar da za ka bi.

In ofishin da layin waya yake shiga intanet, modam ko ƙaramar na'ura mai ɗauke da sim, kamar yadda akasarin ofisoshin karkara suke yi, to magana ta kusa ƙarewa tun ba a fara ba. Lambobin tsohon tsari, IPv4, biliyan 4.3 ne kacal a duniya, sun kuma yi ƙaranci, don haka kamfanonin waya galibi suna tara masu amfani da yawa a bayan lamba ɗaya. Duba lambar da na'urarka ta samu daga kamfanin. In ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, ba ka da lambar da duniya ke gani, aro kake yi tare da jama'a. Ba kamfanin da zai rataya sunanka a kan lambar da mutum ɗari suke ciki, kuma ko da ya yarda, gobe an sauya maka wata. Starlink, wanda ya shiga Benin a ƙarshen 2023, shi ma a tsarinsa na gama-gari haka yake tara mutane. Irin wannan layi ya isa a karanta wasiƙa, amma ba a kafa sabar aikawa a kansa.

In kuwa hayar saba aka yi a wata cibiya, abin da yawancin matasan Paraku da Kwatano masu wannan sana'a za su fara tunani ke nan, to aikin minti biyar ne. Lambar ta kamfanin hayar ce, yankin bayan yana hannunsa, ya kuma bar maka gurbi a shafin sarrafawa inda za ka rubuta sunan da kake so. OVHcloud da Hetzner haka suke yi. A DigitalOcean sunan da ka raɗa wa sabar shi ne yake zama PTR, muddin cikakken suna ne. Shawara ɗaya: fara rubuta layin A ka bari ya bazu, don wasu kamfanonin sai sun duba sun ga sunan yana nuna lambar kafin su karɓa. A nan ba ka kafa yanki ba, cike gurbi ka yi, kuma babu abin kunya a ciki.

Mai tsayayyar lamba ɗaya daga kamfanin intanet na cikin gida, shi takarda zai rubuta: ga lambata, ga sunan da nake so a sa mata. Wani kamfanin ya yi a yini guda, wani sai ka yi ta bibiya kafin ka samu wanda ya gane abin da kake nufi, don mai amsa waya ba lalle ya taɓa jin zancen ba. Nemi a haɗa ka da injiniyoyin da ke kula da hanyar sadarwar.

Kafa yanki na gaskiya yana zuwa ne ga wanda ke da kaso nasa: jami'a, banki, ma'aikata, ko ƙaramin kamfanin da ke raba intanet a unguwa. Tun Janairun 2020, da lambobin AFRINIC suka ja baya, mafi ƙanƙantar abin da take bayarwa lamba 256 ne, mafi yawa 1,024 a buƙata ɗaya. A ce an ba ka 256, daga 203.0.113.0 zuwa 203.0.113.255. Sunan yankinka 113.0.203.in-addr.arpa, kuma ga abin da fayil ɗinsa zai ƙunsa:

$TTL 3600
@ IN SOA ns1.misali.bj. kula.misali.bj. 2025030101 7200 900 1209600 3600
@ IN NS ns1.misali.bj.
@ IN NS ns2.misali.bj.
25 IN PTR wasiku.misali.bj.

Layin farko yana cewa duk wanda ya karɓi amsa daga nan yana iya riƙe ta daƙiƙa 3,600, awa guda ke nan, kafin ya sake tambaya. Na biyu shi ne kan yankin: babbar sabar, sai adireshin mai kula, inda ɗigon farko yake tsaye a madadin alamar @, sai jerin lambobi. Layukan NS biyu suna faɗin sabobin da ke amsawa. Na ƙarshe shi ne abin da aka taru dominsa. An rubuta 25 kawai don sabar da kanta take ƙarasa sauran.

Wannan ƙarasawa ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Dubi ɗigon da ke ƙarshen wasiku.misali.bj. a layin ƙarshe. Ba ado ba ne. Shi ke cewa sunan ya cika, kada a ƙara masa komai. In ka manta shi, BIND ba zai yi ƙorafi ba, zai ɗauka guntun suna ka ba shi, ya liƙa masa sunan yankin, duniya ta riƙa samun wasiku.misali.bj.113.0.203.in-addr.arpa a matsayin sunan sabarka. Irin wannan suna ba ya komawa kan kowace lamba, don haka gwajin gaba da baya ya faɗi. Umarnin named-checkzone yana kama kurakuran rubutu da dama, amma wannan a wurinsa ba kuskure ba ne. Ido ne kawai yake kama shi.

Lambar nan doguwa, 2025030101, lambar bugu ce, an saba rubuta ta da shekara, wata, rana, da karo na nawa a ranar. Saba ta biyu da ita take gane an yi gyara. In ka sauya layi ka bar ta yadda take, ta farko za ta riƙa ba da sabuwar amsa, ta biyu tsohuwa, sai ka ga wasiƙa ta wuce da safe ta dawo da yamma, ka rasa dalili. Ita kuma 3600 ta ƙarshen layin, ita ce tsawon lokacin da sabobin duniya za su riƙe amsar "babu". Wanda ya tambaya kafin ka gyara, ya ji babu, zai ci gaba da cewa babu har wa'adin ya cika. Don haka in ka gyara ba ka ga sauyi nan take ba, kada ka hau taɓe-taɓe. Sha shayi ka dawo.

Fayil ya kammala, sabobi biyu suna amsawa, amma da sauran rina a kaba, don har yanzu ba a nuno ka daga sama ba. Mamban AFRINIC zai shiga shafin MyAFRINIC ya yi rajistar yankin tare da sunayen sabobinsa, daga nan ne hukumar take sa layukan NS a nata yankin. Tana da sharuɗɗa biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, ba ta danƙa yankin baya sai an rubuta a kundinta yadda aka yi amfani da lambobin ko wanda aka ba su. Na biyu, in sabar da ka ambata ta daina amsawa ta daɗe a haka, bayan gargaɗi ana cire ta. Ni ina ganin duka biyun daidai ne. Yankin da aka danƙa wa sabar da ta mutu ya fi rashin yankin muni, don mai tambaya tsayawa yake yana jira har lokaci ya ƙure, maimakon a ce masa babu ya wuce.

Maganar sabobi biyu kuma, kada a yi ta don cika sharaɗi. In duka biyun suna ɗaki ɗaya a Paraku, a kan wuta ɗaya da waya ɗaya, saba ɗaya gare ka mai suna biyu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Benin tana cikin ƙasashen da abin ya fi taɓawa. Wanda duk sabobinsa suke cikin gida, na waje sun sha wuyar samunsa; wanda duk nasa suke Turai, na gida ne suka sha. Ɗaya a gida, ɗaya a wata ƙasa, shi ne hankali, kuma riƙe kwafin yanki ƙaramin aiki ne da saba mafi arha za ta iya.

Akwai wani hali na tsaka-tsaki da ya fi yawa a garuruwa irin Jugu da Paraku: kamfani ya ba makaranta ko asibiti lamba 8 ko 16 daga cikin nasa 256. Matsalar ita ce ɗigo ne kaɗai wurin yanka, ɗigon ƙarshe kuwa 256 yake yankewa gaba ɗaya. Ba yadda za a danƙa maka takwas a bar wa maƙwabtanka sauran. A 1998 aka wallafa dabarar da ta warware wannan, a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 2317. A ce naka daga 24 zuwa 31 ne. Kamfanin zai ƙirƙiri wani ƙaramin yanki a ƙarƙashin nasa, a ce 24-31.113.0.203.in-addr.arpa, ya danƙa maka shi. Sannan a nasa fayil, maimakon ya rubuta PTR a gaban 25, sai ya rubuta layin CNAME mai cewa a je a tambayi 25.24-31.113.0.203.in-addr.arpa. Mai tambaya ya zo wurin kamfanin, a tura shi wurinka, kai ka ba da amsa. Sau ɗaya kamfanin zai yi wannan aiki, daga nan kana sauya sunayenka ba tare da ka sake roƙon kowa ba. Sunan ƙaramin yankin ba shi da wata tsayayyar siga, wasu da alamar / suke rubutawa, wasu da alamar -. Abin da ake buƙata kawai naka da nasu su zo ɗaya harafi da harafi. Amma in sabar wasiƙa ɗaya ce gare ka kuma ba ka da niyyar ƙarawa, kada ka wahalar da kanka, ka ce su rubuta maka PTR ɗin a wurinsu.

Sabon tsarin lambobi, IPv6, hanyarsa ɗaya ce, wutsiyar ce ta zama ip6.arpa, kuma harafi-harafi ake juyawa, guda 32. Lambar 2001:db8::25, wadda take gajeriya a ido, tana komawa

5.2.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.0.8.b.d.0.1.0.0.2.ip6.arpa

Kada ka ƙirga sifirin nan da hannu. Umarnin dig -x tare da lambar zai nuna maka juyayyen sunan, ka kwafa. Abin da ya sa na kawo zancen shi ne sabobin haya da yawa suna zuwa da lambobi iri biyu, mai ita bai ma lura da ta biyun ba. Ya gyara PTR na IPv4, Postfix kuma, manhajar da ke aika wasiƙun, ya ga hanyar IPv6 a buɗe ya bi ta can, Gmail ya duba bai ga suna ba ya mayar da wasiƙar. Ko dai ka yi wa lambobin biyu suna, gaba da baya, ko ka umarci sabar ta riƙa aikawa ta IPv4 kaɗai har ka shirya.

Wane suna za a sa? Sunan sabar, ba sunan da ke kan wasiƙa ba. Abu uku ake so su yi daidai: sunan da PTR ya bayar, layin A na wannan suna, da sunan da sabar take gabatar da kanta da shi in ta buɗe magana, wanda a Postfix ake sa shi a myhostname. In saba ɗaya tana ɗauke da wasiƙun ƙungiyar kashu da na makarantar Islamiyya da na kamfanin sufuri, ba sai an yi PTR uku ba. Ɗaya ya isa. Ƙa'ida ba ta hana jera da yawa a kan lamba ɗaya ba, amma mai tambaya yana iya ɗaukar duk wanda ya fara zuwa hannunsa, sai ka jawo wa kanka ruɗani a banza. Kuma a guji suna mai kama da na inji, irin wanda aka jera lambar a cikinsa, don masu tace wasiƙa suna yi masa kallon layin gida.

Akwai yankin baya ɗaya da kowa zai iya kafawa yau ba tare da izni ba, shi ne na cikin gida. Lambobin da suka fara da 192.168, ko 10, ko 172.16 zuwa 172.31, an ware su don amfanin ciki, ba sa fita duniya. Makarantar da ke da kwamfuta talatin tana iya kafa 168.192.in-addr.arpa a sabarta, ta raɗa wa kowace na'ura suna. Ranar da wata ta kamu da cuta tana cinye layin, rajistar aiki za ta nuna "ɗakin karatu, ta huɗu" maimakon lambar da sai an bi tebur-tebur ana nema. Yana kuma rage jinkirin da wasu manhajoji suke yi in sun tsaya jiran sunan da ba mai ba su. In ba ka kafa ba, irin waɗannan tambayoyi suna iya ɓullewa waje, har sai da aka tanadi wasu sabobi na sa-kai, aikin da ake kira AS112, don kawai su riƙa shanye su. Ga mai koyo a Jami'ar Paraku ko wata cibiyar horo a Jugu, nan ne filin gwaji: a yi kuskuren ɗigo a nan, inda ba wasiƙar kowa da za ta salwanta.

Gwaji kuwa daga waje ake yin sa. Umarnin dig -x 203.0.113.25 yana ba da amsa, amma ka tabbata ba sabarka kake tambaya ba. Yi shi daga wani layi daban, ko ka tura tambayar ga wata sabar jama'a. Wanda ya fi faɗin gaskiya shi ne dig +trace -x, don yana farawa daga tushe yana sauka mataki-mataki, yana nuna wa ya miƙa wa wa. Inda jerin ya tsaya, nan matsalar take, kuma mai wannan mataki shi za ka nema. In ya tsaya a AFRINIC, ba a yi rajistar yankin ba. In ya tsaya a kamfaninka, su ne ba su rubuta ba. In ya iso gare ka ya dawo da shirme, koma ka duba ɗigo.

Kada kuma a ɗora wa PTR abin da ba nasa ba. Ba ya shaidar cewa mai saba mutumin kirki ne, ɗan damfara ma yana iya hayar saba ya gyara nasa tsaf. Abin da yake nunawa kawai shi ne mai lambar ya san da wannan saba kuma ya yarda ta amsa wannan suna. Bayansa akwai wasu shaidun wasiƙa, SPF, DKIM da DMARC, waɗanda su a ɓangaren suna ake rubuta su, suna hannunka. Akwai kuma tarihin lambar kanta, don wadda wani ya ɓata kafin a ba ka tana iya kasancewa cikin jerin ɓatattun lambobi na Spamhaus, sannan kamfanoni da yawa suna rufe ƙofa ta 25, wadda wasiƙa ke fita ta cikinta, sai ka nema a buɗe.

Ga ƙungiya irin ta Pelebina, ra'ayina shi ne kada a kafa sabar aika wasiƙa a kan layin ofis. A yi hayar ƙarama inda za a iya sa PTR da hannu, ko a bar sabar ofis tana miƙa wasiƙunta ga wata mai cikakken suna ta fitar da su. Wanda kuma ya kai matsayin sayen tsayayyar lamba, a Jugu ne ko Paraku ko Kano, ya yi tambayar tun kafin ya sa hannu, lokacin da kamfanin yake neman kuɗinsa. A Benin da Faransanci za a yi zancen, abin da za ka nema a takarda shi ne IP fixe tare da DNS inverse. A rubuta cikin yarjejeniya cewa za su sa maka sunan da ka zaɓa ko su danƙa maka yankin, a kuma faɗi cikin kwana nawa. In sun ce ba sa yi, lambar ba za ta yi maka aikin wasiƙa ba, ka nemi wani kamfanin.